Fuskar Na'ura a Bakin Gulbin Rima

A ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka mai da Birnin Kebbi hedikwata. Ma'aikatan da rabo ya faɗo da su sabuwar jiha sun taso da fayil-fayil da kabad da tafireta. Tafireta ce na'urar ofis a wancan zamani, kuma ba ta ɓoye komai: abin da yatsa ya buga shi ido ke gani a takarda. 'Yan kwamfutocin da suka fara leƙowa ofisoshin gwamnati a waɗannan shekaru ba su fi ta sakin fuska ba. Baƙin allo ne da ɗan haske yana ƙiftawa, yana jiran a rubuta masa umarni da Turanci, wanda bai haddace umarnin ba kuwa sai dai ya ja gefe ya yi kallo.

A can Amurka an riga an yi shekara goma da kama wata hanya daban. Kamfanin Xerox, wanda aka fi sani da injin fotokwafi, ya fitar da wata kwamfuta mai suna Star a 1981, bayan dogon bincike a cibiyarsa ta Palo Alto. Masu tsara ta sun yanke cewa ba sai ma'aikacin ofis ya haddace komai ba, a zana masa teburinsa a kan allo kawai: ga takarda, ga jakar fayil, ga tiren wasiƙun shiga da na fita. Kuɗinta ya haura dala 16,000, don haka ba ta yi kasuwa ba, amma dabarar ta rayu. Apple ya ɗauke ta ya zuba a Macintosh a Janairun 1984, kuma wata mai zane, Susan Kare, ita ta zana yawancin 'yan hotunan da ke ciki, irin su kwandon shara, agogon hannu mai cewa a jira, da kwamfuta mai murmushi. A littafi mai gida-gida ta fara zana su, ɗigo 32 a tsaye 32 a kwance, kowane gida ko baƙi ko fari. Ta sha faɗa cewa ɗinkin ƙirgen zare da ta koya wurin mahaifiyarta ya taimake ta, kuma duk mai ɗinkin hula da ya ga littafin nan zai gane aikin tun kafin a yi masa bayani.

Daga nan kowane babban kamfani ya shiga shimfiɗa wa babbar manhajarsa ƙa'idojin zane: wane launi, wace siffar maɓalli, waɗanne haruffa, inuwa ko babu inuwa, kuma ina kowane abu zai zauna, ta yadda duk manhajar da aka buɗe za ta yi kama da 'yar uwarta. Windows 95 ta kamfanin Microsoft ta kawo maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, da maɓallai masu ruwan toka da aka yi wa haske a sama da inuwa a ƙasa, har ka ga kamar sun ɗago daga allo. In ka danna sai su lotsa. Wannan 'yar dabara ta inuwa ta koyar da mutane fiye da kowane littafi, domin ido da kansa ke rarrabe abin dannawa da abin karantawa.

Amma fuskar da mutanen Birnin Kebbi da Argungu suka fara sabawa da ita sosai ita ce ta Windows XP, wadda ta fito a ranar 25 ga Oktoban 2001, wata biyu bayan fara aikin wayar salula ta GSM a Najeriya. Ba sabuwa a kwali ta iso ba. Tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai ne ake saukewa a Legas, a haɗa su a kasuwar Ikeja, su biyo mota zuwa Arewa, a ɗora musu XP daga faifan da aka kwafa daga wani faifan. A haka ta cika shagunan buga takardu da ke kewaye da sakatariya da kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Waziri Umaru, da kuma kwalejin ilimi ta Argungu. Shuɗin layi a ƙasa, koren maɓalli a hagu, jan gida mai alamar giciye a kusurwar dama ta sama, sannan a baya ga koren tudu da shuɗin sama. Hoton gaske ne wannan tudu, Charles O'Rear ya ɗauke shi a yankin Sonoma na Kalifoniya a 1996, ko da yake mai kallonsa a watan Afrilu a Kebbi, zafi ya haura digiri 40 ga fanka ta tsaya, yana da uzuri in ya ɗauka zanen hannu ne.

Wanda ya taɓa zama a makarantar koyon kwamfuta ta wancan lokaci ya san yadda darasi ke tafiya. Ɗalibai uku ko huɗu a kan na'ura ɗaya, janareto na ruri a waje, malami na tsaye a baya. Ba ya cewa a karanta abin da ke rubuce. Cewa yake, danna koren nan, hau sama, shiga mai shuɗin harafi, in ka gama ka danna jan. Darasin farko ma ba rubutu ba ne, riƙon linzami ne, yadda za a danna sau biyu da sauri ba tare da hannu ya goce ba, kuma akwai dattawan ma'aikata da wannan kaɗai ya sa suka bar wa yara aikin har suka yi ritaya. Da launi da siffa da wurin zama mutanen wannan yanki suka koyi na'ura, ba da kalmomin da ke jikinta ba. Shi ya sa hoton faifan fulofi ya zama alamar adana aiki a wurin yaran da ba su taɓa riƙe faifan a hannu ba. Ba su damu da abin da hoton ke kwaikwaya ba, sun dai san inda yake da abin da yake yi.

Akwai wani ɓangare na zanen da ya shafi Bahaushe kai tsaye, wato haruffa. Tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, rubutun boko ya tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin Unicode, mai ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ba su gurbi tun farkonsa a 1991, amma gurbi daban, zane daban. Haruffan Times New Roman da Arial da suka zo da XP ba su ɗauke da su, don haka mai buga Hausa ko dai ya sa waƙafi a gefen harafi, ko ya bar ƙugiyar gaba ɗaya ya bar mai karatu da canka. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya nemo mafita tun a shekarun 1990, ya ƙera haruffan da aka sani da Rabi'at da Abdalla, inda ya sauke haruffa masu ƙugiya a kan maɓallan baka da ba a cika amfani da su ba. Marubuta da maɗaba'u da ɗaliban Hausa sun ci moriyarsu shekara da shekaru. Matsalar ɗaya ce. Ɗalibi zai buga kundinsa a wani shago, ya kai wani shagon don a fitar masa a takarda, a buɗe a tarar babu waɗannan haruffa a na'urar, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, shafi bayan shafi. Har yau akwai tsofaffin rubuce-rubucen Hausa a intanet da ke ɗauke da wannan tabo. Sai a zamanin Windows Vista ne manyan haruffan Microsoft suka zo da ƙugiyoyin a jikinsu, daga baya kuma Google ya fito da jerin haruffan Noto da niyyar kada a sake ganin fankon akwati a madadin harafin kowane harshe.

Vista ɗin, wadda ta fito a Janairun 2007, ta zo da salon Aero, gefen tagogi kamar gilashi ana hango abin da ke baya. Apple ya riga ya fara irin wannan ƙyalli tun 2000 da salon Aqua mai maɓallai kamar ɗigon ruwa. Sai dai gilashin Vista yana neman ƙwaƙwalwar gigabait ɗaya da katin hoto mai ƙarfi, abin da tsofaffin na'urorin shagunanmu ba su da shi. Aka tsallake ta. XP ta ci gaba da mulki har bayan da Microsoft ya daina kula da ita a Afrilun 2014, sannan Windows 7 ta gaje ta sannu a hankali. A nan ma fuskar da mutane da yawa suka sani ba wadda kamfani ya zana ba ce, baƙin bango ne da ɗan rubutu a kusurwa mai cewa wannan kwafi ba na asali ba ne. A wannan zamani ne kuma Microsoft ya fitar da fassarar Windows cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. Aiki ne na a yaba, amma da wuya ka shiga shago ka tarar an ɗora ta. Masu shagon sun riga sun haddace wuraren, fassara ba ta ƙara musu sauri ba.

Duk wannan labarin mutanen gari ne, masu albashi da ɗalibai. Manomin shinkafa a fadamar Argungu da masuncin kogin Matan Fada ta aljihu na'ura ta iske su. Nokia 1100 mai tocila, wadda ta fito a 2003 aka sayar da sama da miliyan 250 a duniya, tana da ɗan allo mara launi da hotuna ƙalilan, ambulan na saƙo da littafi na sunaye. Mutane suka haddace ta da ƙirge: danna na tsakiya, sauka sau kaza, sake danna na tsakiya. Wanda bai yi boko ba yana gane mai kira da lambobi uku na ƙarshe. Da gwamnatin tarayya ta fara rabon takin zamani ta saƙon waya a 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, manomi na ganin ambulan ta bayyana ya san an aiko da magana, sai ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa.

Ana cikin haka masu zane a Amurka suka gaji da inuwa da ƙyalli. Hujjarsu ita ce mutane sun riga sun saba da allo, ba sai an ci gaba da kwaikwayon fata da katako da gilashi ba. Microsoft ne ya fara da salon Metro a wayoyinsa a 2010, murabba'ai masu launi ɗaya da manyan haruffa, wanda aka aro daga allunan nuna hanya na tashoshin jirgi. A Oktoban 2012 ya ɗora shi a kan Windows 8, ya cire maɓallin farawa ɗungurungum bayan shekara 17 yana wurinsa. Apple ya bi sahu a 2013 da iOS 7 ƙarƙashin Jony Ive, ya shafe komai ya zama lebur. A Yunin 2014 Google ya sanar da Material Design, wanda Matías Duarte ya jagoranta, ya tsaya a tsakiya, komai kamar takardu ne da aka jera wata bisa wata da 'yar inuwa.

Hujjar tana da gaskiya a wurin waɗanda suka shekara ashirin a gaban allo. Amma daidai wannan lokaci ne miliyoyin mutane a Arewa ke taɓa babbar waya karon farko. An janye tsani ne lokacin da na baya suka iso gindin bango. Ko a can ma an yi ƙorafi har Microsoft ya mayar da maɓallin a Windows 8.1 a 2013, ya mayar da cikakken jerin a Windows 10 a 2015. Wani bincike da kamfanin Nielsen Norman ya fitar a 2017 ya nuna cewa a shafukan da aka rage wa alamun dannawa, mutane sun ɓata ƙarin lokaci da ya kai kashi 22 cikin ɗari kafin su sami abin da suke nema, kuma waɗannan mutane ne da suka iya karanta abin da ke shafin.

Inda abin ya fi fitowa fili a Kebbi shi ne jarrabawar JAMB. Hukumar ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Yaro ya taso daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Augie ko Arewa ko Kalgo, ya san lissafinsa da kimiyyarsa, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ya ɗora hannu a kan linzami. Kibiyar ta gudu ta bar shi, lokaci na tafiya a kusurwar allo. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas wanda ba ya bukatar linzami: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, sai biyu na miƙa aiki da komawa. A ganina wannan na cikin mafi hankalin zanen fuskar na'ura da aka taɓa yi a ƙasar nan, kuma abin da ya yi shi ne watsar da gadon Xerox gaba ɗaya, ya koma wa tafireta.

Babbar wayar da ta cika kasuwar Birnin Kebbi ba daga Kalifoniya ta zo ba. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, shi ke yin Tecno da Infinix da itel, kuma ya zuwa 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Ya zo da layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, da Hausa a jerin harsuna. Ya kuma lulluɓe Android da tasa rigar, HiOS a Tecno, XOS a Infinix, masu launuka masu ƙarfi da tarin manhajoji da talla da mai waya bai nema ba. Saboda haka tsaftataccen zanen da Google ya tsara kaɗan ne suka gan shi yadda yake. A kan wannan rigar kuma mai waya ya ɗora tasa, hoton shehinsa ko ɗan takararsa ko jaririnsa a bango, sannan mai tura waƙoƙi da finafinai a bakin kasuwa ya jera masa manhajojin da zai riƙa taɓawa a shafin farko.

Mark Zuckerberg da ya zo Legas a Agustan 2016 ya yi alfahari da shigar da Hausa cikin Facebook, Google kuma ya sa ta a manhajarsa ta fassara tun Disambar 2013. Amma in ana neman abu ɗaya a fuskar waya da ya sauya rayuwa a wannan kwari, ɗan hoton makirfo ne a kusurwar WhatsApp, wanda aka ƙara a Agustan 2013. Danna ka riƙe, ka yi magana, ka saki. Ba karatu, ba ƙugiya, ba neman ɗan makaranta. Bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a ranar 17 ga Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ciniki tsakanin manomi da dillali da direba ya ƙaru, kuma da yawansa da murya ake yin sa, farashin buhu, ranar ɗaukar kaya, inda mota ta tsaya. 'Yan alamun nan biyu da ke komawa shuɗi in an buɗe saƙo, waɗanda aka kawo a Nuwamban 2014, su ma sun shiga mu'amala, domin yanzu mai bin bashi ya san an gani.

Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kuɗi suka ɓace daga hannu a farkon 2023, mai kifi da mai albasa suka koma karɓar taransifa ba don suna so ba. Mai saye zai juyo da waya ya nuna koren da'ira mai alamar maki, mai kaya ya gyaɗa kai. Siffar ta zama rasit. 'Yan damfara ba su yi jinkirin gane haka ba, suka shiga ƙera hotunan da suka yi kama da na gaske, har 'yan kasuwa suka koyi cewa sai sun ga alat a tasu wayar kafin kaya su bar rumfa.

Kowane sauyi da aka yi a can yana da kuɗinsa a nan, ko da ba a rubuta shi ba. A 2024 WhatsApp ya sauko da jerin shafukansa daga saman allo zuwa ƙasa a wayoyin Android. A rumfar masu caji da gyaran waya irin maganar da ake ji a irin waɗannan ranaku ba ta wuce, "Ɗana, duba min wayag ga, mi yas same ta?" Yaron ya karɓa ya shafa sau biyu ya ce, "Baba, lafiyarta lau, sabuntawa ta yi." Dattijon ya sake koyon hanya daga farko, da allon da ya tsage, a ƙarƙashin ranar da ke shanye siririn rubutu mai ruwan toka har ba a ganinsa sai an kare da tafin hannu.

Gilashi kuma ya dawo. Microsoft ya fara maido da shi a salon Fluent a 2017, sannan a Yunin 2025 Apple ya sanar da Liquid Glass, maɓallai masu ɗaukar launin abin da ke bayansu. Ƙorafin wahalar karatu ya yi yawa har kamfanin ya ƙara zaɓin rage shara-sharan kafin shekarar ta ƙare. Masu iPhone ba su da yawa a Kebbi, amma kamfanonin Sin sun saba kwaikwayon abin da Apple ya yi, don haka salon na iya isowa ta jikin wayoyi masu araha.

A shagunan buga takardu kuwa damuwar daban ce. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021 ta mayar da maɓallin farawa tsakiyar layi, tana neman wani guntun tsaro da sabon injin da yawancin tsofaffin na'urori ba su da shi, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Na'urorin dai suna nan suna buga katin biki da takardar neman aiki da kundin ɗalibai. Masu gyara sun san yadda ake zagaye sharaɗin a ɗora sabuwar a kan tsohon ƙarfe, kuma in sun ɗora, da yawa daga masu shagon kan sa a shiga saiti a mayar musu da maɓallin kusurwar hagu kafin su biya kuɗin aiki.